Makullin Tayar Gaba: Abin Da Mai Hilux Ya Kamata Ya Sani Kafin Damina Ta Kankama

Duk shekara idan ruwan Agusta ya sauka, hanyoyin ƙauye suka jiƙe, za ka ga a-kori-kura mai giyar taimako ta kafe a taɓo, tayoyin baya suna ta wulwulawa, na gaba kuwa ko motsi. Direba ya rantse ya sa taimako, har ga fitila ta kama a gabansa. Washegari sai ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman giyabos, alhali giyarsa lafiya lau take. Abin da ya hana motar fita yana tsakiyar tayar gaba: wani ɗan murfi da ake murɗawa da hannu, wanda makanikai ke kira hob.

A irin waɗannan motoci, kamar tsofaffin Hilux da Land Cruiser 79 da ke ratsa hamadar Agadas, tayoyin baya ne kaɗai ke jan mota a tafiyar yau da kullum. Idan direba ya ja ƙaramar liba zuwa 4H ko 4L, ƙarfin inji yakan bi ta farfelar gaba, ya shiga aksul, ya kai ga shaf biyu da suka nufi tayoyi. A nan hob yake tsaye a matsayin mai gadin ƙofa. Idan kibiyarsa tana kan LOCK, ya ƙulle shaf da taya, suna juyawa tare. Idan tana kan FREE, shaf zai yi ta juyawa a banza, taya ba ta san ana yi ba. A motoci da yawa fitilar da ke gaban direba libar kawai take shaida, ba ta da labarin hob.

Wani Ba'amurke mai suna Arthur Warn ne ya fito da wannan dabara a 1948, domin motocin Jeep da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Manufarsa ita ce a hutar da kayan gaba idan ana kan kwalta, a rage shan mai da ƙugi da cinyewar ƙarfe. A Amurka da Kanada saboda ƙanƙarar hunturu ake kulle shi. Mu nan taɓon damina ne, da lakar fadamun Haɗejiya, da rairayin Yusufari da Macina.

Ƙa'idar farko: a kulle tun kafin a shiga. Tsaya a busasshiyar ƙasa, ka ja burkin hannu, ka sauka ka murɗa hob na dama da na hagu duka biyun har kibiya ta daidaita da alamarta. Kulle gefe guda ba ya amfana komai, domin aksul zai tura juyin zuwa ɓangaren da aka bari a sake. Wanda ya jira sai ya kafe, zai lalubi hob a cikin laka har gwiwa. Idan hob ya ƙi murɗuwa, matsa da motar gaba ko baya kaɗan ka sake gwadawa. Kada ka sa masa filaya ko guduma. Ka kuma kula, bayan doguwar tafiya yakan yi zafi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce wadda aka fi rikita ta. Kulle hob daban, sa taimako daban. Za ka iya barin hob a kulle duk ranar da kake shiga da fita tsakanin kwalta da taɓo, muddin liba tana kan 2H. Abin da za ka yi asara ɗan mai ne da ɗan cinyewar ƙarfe kawai. Haɗarin yana wajen tafiya da 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara, amma taimako ya ɗaure su su juya daidai. A taɓo taya takan ɗan sulɓe, nauyin ya sauka. A kwalta babu sulɓewa, sai sitiyari ya yi tauri, tayoyi su cinye, liba ta ƙi fita, ƙarshe shaf ko giya ta karye. Saboda wannan dalili ne ma ake son tayoyi huɗun su zama girma ɗaya.

Kada ka ja liba zuwa 4H mota tana gudu alhali hob yana sake, haƙoran giya ne za su gurzu. Shiga 4L kuwa sai an tsaya cak. Haka nan kada a ja kaya mai nauyi da 4L hob yana sake, domin duk ƙarfin zai taru a aksul na baya shi kaɗai.

Ba kowace mota ke da hob na hannu ba. Wasu nasu mai kulle kansa ne: yakan kama idan an sa taimako mota ta motsa, ya saki idan an koma 2H aka yi ɗan ribas. Sababbin Hilux da yawa ba su da hob ɗin ma gaba ɗaya, wata na'ura ce a jikin aksul ke haɗawa da rabawa. Ka san irin taka kafin wani ya sayar maka da abin da ba ka buƙata.

Hob da aka manta da shi tun rani yakan sandare. Littafin Toyota na irin waɗannan motoci ya ba da shawarar a kulle shi a yi tafiyar kamar kilomita 16 kowane wata, domin mai ya zagaya kayan gaba. Bayan an ratsa ruwa mai zurfi, a sa makanike ya buɗe ya duba. Idan giris ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, sai a wanke a sa sabo. Giris kaɗan ake shafa wa hob, idan an cusa da yawa sifirin ba zai iya tura haƙoran ba.

Idan saye ya kama, je Ƙofar Ruwa da tsohon a hannunka. A ƙirga haƙoran ciki da ramukan noti a gwada da naka, domin ba duk hob ke shiga kowace mota ba. Na asali a motocin Toyota galibi ƙirar Aisin ne, amma suna a jikin murfi ba hujja ba ce, jabu ma suna ɗauke da shi. Ko sabo ne ko ɗan Beljiyam, murɗa shi a hannu ka ga haƙoran suna fita suna komawa ba tare da cijewa ba. Araha ba ta ado.

Mai sayen mota ta hannu shi ma kada ya tsaya ga fitila. A ɗaga ɗaya daga tayoyin gaba da jak, a kulle hob biyun, a juya tayar: dole shaf ya bi ta. A saki hob, taya ta juya ita kaɗai.

Direbobi da masu motoci, ku yi wannan gwaji tun watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Kuɗin giris da na makanike bai kai kuɗin janwe da asarar kayan da suka kwana a daji ba.