Albarkacin Ɓera Dinya Kan Ga Zuriya

Can ƙuryar arewacin ƙasar Rasha, inda yankin Taimir ya kutsa kai cikin tekun ƙanƙara, akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da masana ke kira tundura, wadda babu itace ko ɗaya a cikinta da zai yi wa matafiyi inuwa, ƙarƙashinta kuwa a daskare yake rani da damina. Idan watan Yuni ya kama, rana ta ƙi faɗuwa, har malamin fiƙihu ya rasa inda zai ajiye Magariba balle Lisha, sai tsuntsaye su yi ta sauka daga nahiyoyi masu nisa: ga ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu siraran ƙafafu, ga kuma wata 'yar baƙar dinya mai farin zane a wuya, wadda Turawa ke kira burent. Wa'adinsu bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba, a ciki za a yi ƙwai, a kwanta, a ƙyanƙyashe, 'ya'ya su yi fiffike kafin sanyi ya komo.

Sheƙar tasu ba abin a zo a gani ba ce. Tsuntsun bakin ruwa ɗan gurbi yake murzawa da ƙirjinsa cikin gansakuka, ya zuba ƙwai huɗu masu dabbare-dabbare, tsininsu duk na duban tsakiya. Ita kuwa dinya sai ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta kwanta kusan kwana 25, ba ta tashi sai da lalura. Babu katanga, babu ƙyaure, ga yanyawar ƙanƙara tana sintiri da hanci a ƙasa, in ta sami ƙwai ta ɗauke shi a baki ba tare da ta fasa ba, ta je ta binne don gobe, ta dawo neman wani.

To, abin al'ajabi, maslahar waɗannan bayin Allah duka tana rataye ne a wuyan wani ɗan guntun ɓera mai suna lemin, wanda adadinsa kan bunƙasa ya cika ƙasa, sa'an nan ya rushe, bayan kowace shekara uku ko huɗu. Shekarar da ya yawaita, yanyawa ta ƙoshi da nama, ba ta da hajar wahalar neman ƙwai. Farar mujiya ma takan yi sheƙa, ta riƙa fatattakar duk yanyawar da ta matso, dinya kuwa, da yake ba ta rasa hikima ba, sai ta raɓa kusa da mujiyar ta yi tata. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Musiba sai shekarar da ta biyo baya, lokacin da 'ya'yan yanyawa sun girma sun yi yawa, ɓera kuwa ya ɓace: faɗuwar wani tashin wani aka ce, amma a nan faɗuwar ɓera faɗuwar kowa ce, gama yunwa takan juyo da kowane baki kan ƙwai, har dinya ta koma kudu hannu rabbana.

Hujjar wannan magana daga nesa aka fara tsinto ta. Masu ƙidayar tsuntsaye a gaɓar Holan da Ingila, waɗanda kan tsaya cikin sanyi da madubin hangen nesa suna rarrabe 'yan bana na dinya da fararen layukan da ke fikafikansu, sun lura wata shekara kusan rabin garke yara ne, wata kuwa da ƙyar a ga ɗaya. A Afirka ta Kudu ma haka lissafin tsuntsayen bakin ruwa ke hawa da sauka. A 1987 wasu masu bincike biyu, Summers da Underhill, suka gwama waɗannan alƙaluma da shekarun lemin na Taimir, suka tarar sun dace. Daga bayan 1994 kuma zagayen ɓeran ya raunana, yawan dinyar ya ja baya.

Mu ma muna da rabo a cikin wannan ƙissa, ko da yake ita dinyar ba ta isowa gare mu. Ƙananan tsuntsayen bakin ruwan nan da ke sauka dubbai a fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi da kaka, suna tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi, da yawansu a tundura aka ƙyanƙyashe su, kuma manomin da ke korarsu da gwangwani bai taɓa jin sunan ɓeran da ya fanshe su ba.