Kafireto: inda fetur ke gamuwa da iska

Manoman Junju da Karakara da Zabori sun san darajar inji. A kwarin Dallol Mawri ruwa yana kusa, shi ya sa rake da rogo da kayan lambu ke yi da rani. Injin ban ruwa ne ke ɗago ruwan. Babur da keke mai ƙafa uku su ke kai amfanin gona kasuwa, har Gaya ko Kamba. Wasu masu walda ma kan cire injin tsohon babur su ɗora shi a kan abin hawan da suka haɗa da hannunsu. Duk waɗannan injuna fetur suke sha, kuma duk suna da wata 'yar na'ura da ake kira kafireto.

Tun watan Mayu na 2023, da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai, fetur ɗin da ake sayarwa cikin kwalabe a garuruwan kan iyaka ya daina araha. Injin da ke shan mai fiye da ƙima yana cin ribar manomi tun kafin a sare rake.

Fetur ba ya ci da wuta shi kaɗai. Sai ya haɗu da iska. Aikin kafireto ke nan: yana gauraya su kafin su shiga cikin inji. Idan an auna nauyi, kashi 1 na fetur yana bukatar kusan kashi 15 na iska. Wato lita 1 ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000, cikin durom 45 ke nan. Ashe inji iska ya fi sha, fetur ɗin mahaɗi ne.

A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi inda fetur ke taruwa. Cikin kofin akwai wani abu marar nauyi da ke yawo a kan mai. Idan kofin ya cika, sai abin ya taso ya toshe ƙofar mai da wata 'yar allura. Daga kofin fetur yana bi ta wasu 'yan ramuka ƙanana ƙwarai, iskar da inji ke zuƙa ta ɗauke shi ya zama feshi. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe irin wannan rami.

Yadda za a gane cutar inji

Idan mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, hayaƙi yana fitowa baƙi. Ana jin warin ɗanyen fetur. Inji yana nauyi, tanki kuma yana saurin ƙarewa. Idan iska ce ta yi yawa, inji yana zafi ainun, yana tari, yana mutuwa da an ƙara masa wuta, ko kuwa ya ƙi tsayawa sai an bar cok a rufe. Wannan na biyu ya fi haɗari. Mai shi yana murna wai injinsa ba ya shan mai, alhali zafi yana cin fistin a ciki. Injin babur da aka sa jan kaya masu nauyi ya fi shiga wannan matsala, domin yana aiki da ƙarfi a tafiyar hankali, iskar da za ta sanyaya shi ba ta isa.

Akwai shaidar da ba ta ƙarya, ita ce fulogi, wanda a nan aka fi sani da buji. Bayan inji ya yi aiki ya huce, a kwance buji a dubi bakinsa. In launinsa ya yi kamar soyayyiyar gyaɗa, mahaɗin ya yi daidai. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi fari kamar toka, mai ya yi kaɗan. In kuwa baƙin yana da danshi da maiƙo, hayaƙi kuma shuɗi-shuɗi, to baƙin mai ne ke shiga inda bai kamata ba. Wannan ba laifin kafireto ba ne, sai a nemi makaniki.

Tsabta kafin sukuru

Mutane da yawa, da inji ya fara tari, sai su ɗauko sukudireba su hau murɗa sukuru. Wannan gaggawa ce. Sukurun da ke daidai jiya bai motsa da kansa cikin dare ba. Galibi datti ne ya shiga.

A fara da matatar iska. Lokacin hunturu ƙura tana toshe ta cikin 'yan kwanaki, iska ta ragu, inji ya koma shan mai. Idan ta soso ce, a wanke ta da ruwa da sabulu, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan, a matse. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta. Kakkaɓewa ake yi, in ta tsufa a sake sabuwa. Wasu kan cire matatar su yar, wai don inji ya sha iska. Gaskiya ne zai sha, amma tare da rairayi, rairayin nan kuma zai kankare cikin inji kamar dutsen wasa wuƙa.

Sai fetur ɗin kansa. Man kwalba ya bi ta jarka da jarka kafin ya iso gare ka. A tace shi da tsabtataccen ƙyalle. A ɗaga kwalbar a duba gindinta, domin ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. Haka yake kwanciya a kofin kafireto. A ƙasan kofin akwai sukurun zubarwa. A rufe famfon mai, a kwance shi, a tare abin da ya fito cikin gwangwani.

In an buɗe kafireto don wankewa, a shimfiɗa tsumma mai tsabta, a jera kowane ƙarfe yadda aka ciro shi. A hure ramukan da famfon keke. Kada a zura musu waya ko allurar ɗinki. Ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, injin zai yi ta shan mai har a sayi wani.

Sannan a zo ga murɗawa

A tayar da inji ya yi minti 5 zuwa 10 ya ɗumama, a buɗe cok. Kafireton babur yana da sukuru biyu a waje. Ɗaya yana ƙara gudun inji ko ya rage shi a lokacin da ba a taɓa totur ba. Ɗayan shi ke daidaita mahaɗin mai da iska.

A murɗa na mahaɗi ciki a hankali har ya tsaya. Kada a matsa, bakinsa siriri ne, yana lalacewa. Daga nan a dawo da shi waje zagaye ɗaya da rabi. Wannan mafari ne kawai. Yanzu a riƙa juya shi rubu'in zagaye, a dakata kaɗan, a saurara. Ana neman wurin da ƙarar inji ta fi ƙarfi, ta kuma fi daidaituwa. In an same shi, a koma ga ɗaya sukurun a rage gudu har inji ya tsaya yana bugawa lami lafiya. A ƙirga zagayen a rubuta a takarda, a ajiye don gaba.

Injin ban ruwa yana da wani ƙarfe mai sifirin da ke riƙe gudunsa. Kada a ɗaure shi da igiya don ruwa ya ƙaru. Kwanan injin ake ragewa. In aikin rani ya ƙare, a rufe famfon mai a bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kofi yana zama danƙo ya toshe ramuka.

Lafiyar mai gyara

Hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Injin da mai ya yi masa yawa ya fi fitar da ita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, sai suma. Saboda haka ba a gyaran inji yana aiki a cikin ɗaki ko shago a rufe. Wanda ya saukar da injinsa cikin rami kusa da rijiya don ya kai ga ruwa, kada ya shiga ramin inji yana aiki, ko da an kashe shi a jira hayaƙin ya fita. In wani ya faɗi, a kashe inji, a fitar da shi sarari, a kai shi likita nan take.

Kada a zuƙo fetur da baki ta tiyo. Kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana jawo ciwo mai tsanani. Yaron da ya sha fetur daga kwalba, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja. A cire masa rigar da mai ya jiƙa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.