Idan man birki yana raguwa: yadda ake gano yoyo da yadda ake gyara shi

Wannan bayani na direbobi ne da yaran mota da masu koyon kanikanci, musamman masu neman abinci a Adjamé, Indénié da Treichville cikin birnin Abijan. Gbaka da woro-woro wuni suke yi cikin cunkoso cike da fasinja, direba na taka birki ba adadi. Ran duk wanda ke ciki ya rataya ne a kan ɗan man da bai kai lita ɗaya ba.

Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, a kulle yake cikin bututu. Idan ya sauka kaɗan cikin watanni, alama ce takalman birki sun cinye. Idan kuwa ya sauka cikin 'yan kwanaki, akwai inda yake zuba. Ƙara mai kowace safiya ba gyara ba ne, ɓoye ciwo ne.

Yadda birki ke aiki

Idan kun taka birki, masta tana tura mai ta bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa tayoyi, man ya matse takalman birki, mota ta tsaya. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Inda mai ya fita, nan iska ke shiga, sai birki ya yi laushi, daga baya ya shanye gaba ɗaya.

Alamun yoyo

Birki ya yi laushi kamar soso, ko sai an taka shi sau biyu sau uku kafin ya kama. Jar fitilar birki ta ƙi mutuwa bayan an sauke birkin hannu. Mota tana ja gefe ɗaya idan an taka. Man ya sauka ƙasa da layin da aka rubuta MIN a jikin robarsa.

Yadda za ku nemi wurin

Ku ajiye mota a wuri mai daidai, ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Man birki fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, idan ya tsufa yana komawa ruwan ƙasa, kuma yana da santsi ƙwarai a yatsa. Inda ya ɗiga zai nuna muku ɓangaren da za a fara dubawa. Sannan mutum ɗaya ya danne birki ya riƙe, wani ya bi waɗannan wurare da tocila:

1. Robar mai da murfinta, ko ta tsage.
2. Bayan masta. Idan fenti ya ɓare a ƙasanta, mai na zuba, domin man birki yana cin fenti.
3. Bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota, inda tsatsa ta ci da inda aka haɗa su da noti.
4. Tiyon roba kusa da kowace taya, ko ya tsattsage ko ya kumbura.
5. Cikin taya da bayan gangar birki, ko sun jiƙe.

Idan birki yana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa amma babu ɗigo ko'ina, robobin cikin masta ne suka mutu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta sosai.

Gyara

Abin da ya lalace canza shi ake yi. Tiyon da ya fashe ba a ɗaure shi da roba ko salatif, ƙarfin man zai ɓalle ɗaurin. Bututun da tsatsa ta huda sai sabo. Wasu suna toshe bututun taya ɗaya don mota ta ci gaba da aiki da birkin taya uku. Wannan ganganci ne, mota za ta juya da ku ranar da kuka taka da ƙarfi. Takalman da mai ya jiƙa a canza su, na dama da na hagu tare. Kayan gwanjo suna da araha a Adjamé, amma tiyo da robobi a sayi sababbi, domin roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba.

Bayan gyara dole a fitar da iska. Ɗaya yana taka birki ya riƙe, bakanike ya kwance ɗan notin da ke bayan taya, mai da kumfa su fita, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa daga masta. Kada a bar robar mai ta bushe ana cikin aikin. Daga nan a gwada birki a hankali inda babu mutane kafin a ɗauki fasinja.

Irin man da za a zuba

Ku karanta murfin robar, yawanci an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Kada a haɗa su da DOT 5, kada kuma a zuba baƙin mai ko man giya, suna kumbura robobi. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 yana jure zafin digiri 230 kafin ya tafasa, amma idan ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. Abijan gari ne mai laima, don haka a canza man duk bayan shekara biyu, kuma daga gorar da ba a taɓa buɗewa ba. A ɓoye shi daga yara, guba ne.

Lokacin damina

Mahaɗar Indénié ta daɗe da suna wajen ambaliya, musamman a watan Yuni. Idan kun ratsa ruwa, ku riƙa taka birki kaɗan-kaɗan har ya bushe, daga baya a wanke laka daga ƙarƙashin mota don kada tsatsa ta kama bututu.

Idan birki ya shanye a hanya

Ku ɗaga ƙafa daga totur, ku yi ta taka birki da sauri, ku sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ku ja birkin hannu a hankali. Kada ku kashe inji kafin mota ta tsaya. Idan an yi haɗari, ku kira 'yan kwana-kwana a lamba 180.

Binciken mota da SICTA ke yi yana da lokacinsa, yoyo kuwa ba ya jiran lokaci. Ku buɗe bonet ku dubi robar man birki kowace safiya kafin ku tashi, kuma motar da ke zubar da mai kada ta fita sai an gyara.