Idan An Kawo 'Yar Kyanwa Gida

Ya ku ɗalibai da iyayenmu, yau maganarmu a kan kyanwa ce, wadda wasu ke ce wa mage, mutanenmu kuma su ce mussa. Da an gama girbi an cika rumbu da gero da dawa, sai ka ga kowa na cigiyar 'yar kyanwa saboda ɓera. A karɓo ta da safe, kafin la'asar ta ɓace, ko bayan mako a tsinci gawarta a bayan ɗaki. Galibi kuwa laifin na masu gida ne.

Da farko, kada a raba ta da uwarta sai ta cika mako 8. Idonta ma ba ya buɗewa sai ta yi kwana 7 zuwa 10, kuma sai wajen mako 4 take fara lasar abinci.

Ranar da ta iso, a sa ta a ɗaki guda a rufe ƙofa. Kyanwa da hanci take gane wuri, don haka a roƙo tsumman da take kwanciya a kai a can gidansu, a shimfiɗa mata. Za ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, wataƙila kwana biyu. To yara, a nan nake roƙonku: kada ku jawo ta da wutsiya, kada ku tara abokai kallo. Ka zauna a ƙasa shiru, ka miƙa yatsa ta sansana. Ranar da ta zo da kanta ta goga kumatunta a ƙafarka, ta yarda da kai ke nan.

Na san wani ɗalibi zai ce, "Malam, ba an karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba?" Haka ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.). Amma a duba laifinta da kyau. Ta tsare ta ne ba ci ba sha, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Tsaron da muke magana na mako biyu ne, da abinci da ruwa a gabanta, don kada ta fita ta ɓata ko kare ya kama ta. Sai dai duk wanda ya rufe ƙofar nan, ciyarwa ta hau kansa, ba uzuri.

Abincinta nama ne da kifi da dafaffen ƙwai, kaɗan-kaɗan, sau 3 ko 4 a yini. Tuwo zalla ba ya riƙe ta. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo, albasa da tafarnuwa kuma suna lalata musu jini, saboda haka ragowar miya ba gata ba ce. Ruwa mai tsabta a kasko, a sauya kullum.

Sai wurin ba-haya. A zuba rairayi a tsohon kwano mai faɗi, a ajiye nesa da abincinta, ita da kanta za ta tona ta binne. A riƙa kwashewa kullum a wanke hannu, amma ban da mai juna biyu. A lura kuma da inda ake ɗebo rairayin. Mu mutanen Sunke ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har aka kankare ƙasar gidaje a garin nan, kuma agwagi ne suka fara mutuwa kafin yara. Kyanwa tana lasar jikinta kullum, sannan ta haye tabarmar da jariri yake kwance. Kada a ɗebo mata ƙasa daga inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya.

Saboda wannan lasar ce ma ba a shafa mata fiya-fiya don kashe ƙuma. Ƙwayar Panadol guda tana iya kashe ta. Maganin ɓera kuwa a kwashe shi daga gida tun kafin ta iso, domin ko ɓeran da ya ci ta kama, zai taɓa ta.

Idan ta ciji yaro ko ta yakushe shi har ya yi jini, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, don ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma.

Iyaye mata kan tambaya game da ruwan da ta sa baki. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada (R.A.) ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana daga Manzon Allah (S.A.W.) cewa ita ba najasa ba ce. Ruwan yana nan da tsarkinsa, sai fa idan an ga najasa a bakinta.

Bayan mako biyu, a buɗe mata ƙofa da safe kafin ta ci, a bar ta ta zaga tsakar gida, sannan a kira ta da abinci. A kife 'yan tsaki da kwando tukuna.