Wace Bindiga Ce Ta Dace da Maharbin Tsaunukan Roki?

Idan Oktoba ya kama a jihohin Kolorado, Montana, Wayomin da Aidaho na Amurka, maharba kan bar motocinsu a gindin tsaunukan Roki su hau da ƙafa, domin dokar kare dawa ta 1964 ta hana shiga da mota ko babur cikin yankunan da aka keɓe. Nama iri biyu suke nema. Akwai barewar dutse mai kunnuwa irin na alfadari, wadda namijinta kan kai kilo 100. Sai elk, mai ƙahoni masu rassa, wanda ƙosasshen namijinsa kan haura kilo 300, wato ya ɗara gwankin dajinmu.

A tsayin mita 3,000, kowane numfashi kusan kashi 70 cikin ɗari yake kawowa na iskar da mutum zai shaƙa a bakin teku. Ga jaka, ga ruwa, ga kayan sanyi. Ba mamaki maharbi ya so bindigar da ba za ta danne shi ba. A tsakiyar shekarun 1980 wani maƙeri mai suna Melvin Forbes ya fitar da bindigar da ba ta kai kilo biyu da rabi ba, kuma tun daga nan kamfanoni ke tseren rage nauyi, suna sirantar da bututu, suna yin gindi da zaren kabon.

Sai dai sauƙin nan da kuɗinsa, kuma kafaɗa ce ke biya. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake turo bindiga baya. Idan aka rage nauyinta daga kilo huɗu zuwa 2.7 ba a canza harsashi ba, shurinta zai ƙaru da kusan rabi. Zafin shurin ba shi ne abin tsoro ba, abin da yake koya wa jiki ne. Wanda bindiga ta saba bugu yakan runtse ido ya fizgi kunama tun kafin ta tashi, bai ma san yana yi ba. Ƙari a kan haka, bindiga marar nauyi ba ta zama daram a hannun mai haki. Bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya sa saiti rawa. Siririn bututu kuma yakan yi zafi bayan harbi kaɗan, harsasai su fara warwatsuwa.

Shi ya sa nake ganin tsaka-tsaki ya fi: bindigar da, haɗe da madubin saitinta, za ta kai kilo uku zuwa uku da rabi.

Batun harsashi kuwa, Kolorado ta shata iyaka: faɗinsa kada ya gaza milimita shida, kuma na elk kada nauyinsa ya gaza giram biyar da rabi. Wannan ƙasan ma'auni ne, ba shawara ba. Tsofaffin harsasai har yau suna aiki. Akwai .30-06 da sojojin Amurka suka karɓa a 1906, da .270 Winchester na 1925 wanda marubucin farauta Jack O'Connor ya yi shekaru yana yabo, da .308 Winchester na 1952. Shi .308 da ƙaninsa 7mm-08 gajeru ne, don haka bindigarsu ta fi guntu da sauƙi, shurinsu kuma mai jurewa ne. Manya irin su .300 Winchester Magnum suna kai ƙarfi nesa, amma zuba su cikin bindigar kilo biyu da rabi neman wahala ne.

Gardama ta fi zafi a kan 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Kowa ya yarda ya ishi barewa. Ga elk ne wasu ke cewa ya yi ƙarami. Masu kare shi kan nuna Suwidin, inda aka daɗe ana kayar da dabbar da ta fi elk girma da harsashi mai faɗi ɗaya da shi. Suna da gaskiya, muddin ba a yi nisa ba, kuma aka jira dabbar ta ba da gefe, aka sami huhu.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne ƙirar kan harsashin. A 1946 wani maharbi mai suna John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabba da taɓo ya bushe a jikinta a Kanada, harsashin ya tarwatse bai shiga ciki ba. Bayan shekara biyu ya fito da harsashin Partition, mai shamaki a tsakiya: gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da kutsawa ko ya gamu da ƙashin kafaɗa. Yau akwai na jan ƙarfe zalla, kuma tun 2019 Kalifoniya ta haramta farauta da na dalma.

Wannan duka ya dame ni ne saboda dabbar. Elk ɗin da aka sama a ciki ba a huhu ba yakan yi tafiya mai nisa da rauni, ya mutu a kwazazzabon da ba wanda zai gan shi. Don haka kafin kaka ta zo, maharbi ya gwada bindigarsa a zaune da a kwance, a kan jakarsa, yana haki. Nisan da yake samun fili mai faɗin santimita 20 a kowane harbi, nan ne iyakarsa a kan dutse, ko da harsashin zai iya wuce haka.