Shin Ko Kun San Fuskokin Dutse 200 Da Ke Murmushi A Kambodiya?

Shin ko kun san akwai wurin da duk inda mutum ya juya sai ya yi ido huɗu da fuskar dutse? Gabas fuska, yamma fuska, kudu da arewa ma haka! Sunan wurin Bayon, tsohon ɗakin bautar mutanen Khmer, a tsakiyar birnin Angkor Thom na ƙasar Kambodiya.

Ku canki yawansu. Kusan 200 aka sassaƙa tun asali! Hasumiyoyi 37 ne suka rage a tsaye, galibinsu da fuska huɗu-huɗu. Fuska ɗaya tak ta kai wajen mita 2, wato ta fi ƙaton namiji tsawo. Leɓe mai kauri, hanci mai faɗi, ido a lumshe, ga wani ɗan murmushi da ya shekara 800 bai gushe ba.

Kada ku zaci daga dutse guda aka sassaƙa kowace. Ina! Tubalan dutse aka jera, ba siminti ba laka, sannan masassaƙa suka hau sama suka fitar da ido da baki. Har yau ana ganin layin haɗin ya ratsa kunci.

To fuskar wa ce? A nan ake yin ta! Sarki Jayavarman na 7, wanda ya hau mulki a 1181 bayan ya fatattaki mayaƙan Cham, shi ya sa aka yi ginin, amma ba a sami rubutun da ya ambaci mai fuskar ba. Masanan farko suka ce ai Brahma ne na addinin Hindu, tun da shi aka sani da fuska huɗu. Kwatsam a 1924 sai aka gano wani sassaƙe da gini ya rufe, na Lokeshvara, wanda mabiya Buddha ke ɗauka a matsayin alamar tausayi. A 1933 kuma aka tono mutum-mutumin Buddha mai tsawon mita 3.6, a farfashe, daga ramin da ke ƙarƙashin babbar hasumiya. Ashe wurin na mabiya Buddha ne!

Ba a gama ba. Masanin nan Bafaranshe, George Coedès, ya ce fuskar sarkin ce da kansa, an haɗa ta da siffar Lokeshvara. Ku ajiye hoton mutum-mutumin Jayavarman kusa da na hasumiyar, ku dubi bakin nan. Kamar an tsaga kara! Ni dai wannan ra'ayi ya fi kwanta mini. Sarkin da ya kafa asibitoci 102 a ƙasarsa, ba mamaki ya so talakawa su riƙa ganin sa da fuskar tausayi. Sai dai fuskar da ke kallon kusurwa huɗu dare da rana tana kuma gaya wa mai shirin tawaye cewa ana ganin sa.

Kun san tun daga bakin gari ake fara kallon baƙo? Ganuwar Angkor Thom kilomita 3 ce ta kowane ɓangare, tsayinta mita 8, ƙofofinta 5, kuma kowace ƙofa da nata fuskokin huɗu a sama!

Ga labarin da za ku ba abokai. Bayan rasuwar sarkin, cikin ƙarni na 13, fada ta koma addinin Hindu. Aka bi bango-bango da guduma da kurfi ana kankare siffofin Buddha, dubbai, wasu ma aka sake musu kama suka zama na Hindu. Amma manyan fuskokin nan? Sun tsira! Wasu masana na ganin sababbin masu mulkin sun ɗaga kai sun ƙirga huɗu, suka ce ai wannan Brahmanmu ne, a bar shi.