Abin Wuyan Karen Farauta Mai Sauraron Tauraron Ɗan'adam: Ko Yana Da Kasuwa A Gombe?

GOMBE — A kowace shekara, da zarar an kammala girbi, karan dawa ya bushe, hunturu ya fara busawa, mafarauta a Jihar Gombe da sauran sassan Arewa kan shiga shirin fita daji kamar yadda suka gada kaka da kakanni. Akan gan su cike da motoci, da gora da kere da barandami, karnuka na ɗaure a gefensu. Yawancinsu kan dawo da abin da ya samu, zomo ko gafiya, zabon daji ko fakara. Wasu kuwa kan dawo da igiya kawai a hannu, domin karen da suka fita da shi ya bi nama ya nausa, har rana ta faɗi ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ɓatan kare ba wani abin tada hankali ba ne. Ga mafarauci kuwa, jari ne ya salwanta. Ɗan kwikwiyo ba ya tsada, amma horo shi ke da tsada: ciyarwa ta watanni, da fita da shi tare da manyan karnuka har ya san ƙanshin nama, ya san muryar ubangidansa da busar ƙahonsa. Wanda ya rasa irin wannan kare a farkon rani, da wuya ya sami madadinsa kafin damina ta faɗi.

Wannan matsala ce ta haifar da wata babbar kasuwa a Amurka da Turai, wato ta abin wuyan kare mai ɗauke da na'urar GPS. Tambayar da ke gaban ɗan kasuwa mai shagon kayan lantarki ko na wayoyin hannu a unguwa irin ta Jekadafari, a tsakiyar birnin Gombe, ita ce ko wannan haja za ta karɓu a nan, kuma a wurin wa.

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a san irin karen da aka ƙera na'urar dominsa. Maharban tsuntsaye a ƙasashen Turawa suna amfani da wani irin kare da suke kira foyinta, wato mai nuni. Aikinsa ba kamu ba ne. Yakan yi nisa da maharbi yana kewaya fili yana shinshina, idan ya ji ƙanshin tsuntsu a cikin ciyawa sai ya ƙame wuri guda, ya miƙe wuya da wutsiya, ba motsi ba haushi, har ubangidansa ya iso ya tada tsuntsun ya harbe shi a sama. Wasu daga cikinsu kan yi nisan da ya wuce kilomita guda. A gasar ƙasa da ake yi a gandun Ames da ke Jihar Tenesi ta Amurka tun 1915, a kan dawakai alƙalai da masu karnuka ke bin su, kuma kowane kare sai ya yi gudun awa uku.

A da, ƙararrawa ake ɗaura wa irin wannan kare. To sai dai ƙararrawa tana da aibi guda: lokacin da aka fi bukatarta, wato sa'ad da kare ya tsaya a kan tsuntsu, shi ne lokacin da take yin shiru. Daga baya aka fito da abin wuya mai yin ƙara idan kare ya tsaya, sannan aka koma ga na'urar rediyo irin wadda masana dabbobin daji ke amfani da ita, inda maharbi zai ɗaga eriya yana juyawa har ya ji inda sauti ya fi ƙarfi. Wannan kan nuna shiyya, amma ba ta faɗin nisa.

Shi kuwa tsarin GPS mallakar rundunar sojan Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kuma kammala a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Har zuwa shekarar 2000, da gangan sojojin ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, ta yadda kuskuren zai iya kai mita 100. A watan Mayu na wannan shekarar Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, kuskuren ya sauko zuwa 'yan mitoci, ƙofar kasuwanci kuma ta buɗe. Kamfanin Garmin, wanda aka kafa a 1989, ya fito da na'urarsa ta bin sawun karnuka mai suna Astro a 2007. A 2011 ya sayi Tri-Tronics, kamfanin da ya shahara wajen ƙera kayan horon karnuka, shekara guda bayan haka ya fito da Alpha, wadda ta haɗa bin sawu da horo a na'ura ɗaya.

Akwai wani abu game da aikin na'urar da masu saye da yawa ba su gane ba, alhali a kansa ribar ɗan kasuwa ko asararsa ta rataya. Abin wuyan ba ya aika komai zuwa ga tauraron ɗan'adam. Saurare kawai yake yi. Yakan karɓi saƙo daga taurari aƙalla huɗu, ya lissafa inda yake tsaye a doron ƙasa, kuma wannan hidima kyauta ce, a Tenesi ko a Dukku. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda labarin zai taso daga wuyan kare ya iso hannun mai shi, kuma hanyoyin guda biyu ne.

Hanya ta farko ita ce ta rediyo. Abin wuyan kan aika saƙo kai tsaye zuwa wata na'urar hannu mai kama da oba-oba, duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, sai maharbi ya ga kibiya na nuna masa shiyya da nisa, ya kuma ga ko karen gudu yake ko ya tsaya. Ba ruwan wannan hanya da kamfanin waya, ba kuɗin wata. Garmin na cewa manyan samfuransa kan kai mil 9, wato sama da kilomita 14, kuma na'ura ɗaya na iya bin karnuka har 20. Amma fa wannan lissafi ne na shimfiɗaɗɗen fili inda babu abin da ya tare. A ƙasar Dukku da Nafada ana iya kusantarsa. A duwatsun Kaltungo da Tula, ko a gindin dutsen Bima kusa da Dadin Kowa, kare na faɗawa bayan tudu saƙo zai yanke.

Hanya ta biyu ita ce ta layin waya. Ƙananan na'urori irin na kamfanin Tractive na ƙasar Ostiriya, da ɗimbin ire-irensu da ake ƙerawa a Sin, suna ɗauke da sim, suna turo labari zuwa wayar mai kare. Sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai yawancinsu ana biyan kuɗin wata, kuma ba sa aiki sai inda akwai sabis. Daji kuwa, musamman wanda har yanzu ake samun nama a cikinsa, shi ne wurin da kamfanonin waya ba su ga dalilin kafa turakunsu ba. Bugu da ƙari, hukuma na iya rufe layukan saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021. Ɗan kasuwar da ya sayar wa mafarauci da irin wannan na'ura ba tare da ya yi masa bayani ba, ya shirya ganinsa a bakin shago bayan fitar farko, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.

Batun farashi shi ne babban shinge. Cikakken kayan rediyo na manyan kamfanoni, wato na'urar hannu da abin wuya guda, yakan kama daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dala 1,000 tun a can, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Tun da aka sakar wa naira mara a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. A wannan canji, kayan dala 1,000 sun kai naira miliyan ɗaya da rabi, wato mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 har na sama da wata 21. Babu mafaraucin da zai ɗaura wa kare abin da ya ninka kuɗin karen sau da dama, sannan ya sake shi cikin sarƙaƙiya. Idan ma ya yi, ya ba ɓarawo dalilin da ba shi da shi a da.

Har ila yau, wani ɓangare na wannan kuɗi ana biyansa ne don abin da mafaraucin Arewa bai da bukata. Karen Hausa ba mai nuni ba ne, mai kora ne da kamu. Shi ke tada zabo ko fakara, ya bi zomo har ya cafke, kuma galibi cikin taro ake farautar, mutane da karnuka barkatai. Maharbin tsuntsu na gargajiya ma sau da yawa ba ya tafiya da kare sam, sai ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci garken tsuntsaye. Saboda haka ƙarar da ke sanar da cewa kare ya ƙame a kan tsuntsu, wadda Bature ke alfahari da ita, ba ta da wani tasiri a nan. Kibiya da nisa su ne abin saye.

Amma akwai wata fa'ida da masu ƙera na'urar ba su yi tunaninta ba. A fiƙihun Malikiyya da jama'ar wannan yanki ke bi, abin da horarren kare ya kashe halal ne idan mai shi ne ya sake shi ya kuma ambaci sunan Allah. Idan an riski dabbar da sauran rai, dole a yanka ta. Idan an tarar da wani baƙon kare a kanta, ba a san wanda ya kashe ba, ba a ci. Ke nan saurin isa inda kare ya yi kamu shi ke raba naman da za a ci ko a sayar da wanda za a bar wa ungulu. A farautar taro kuma, rigima kan ko karen wa ya fara kamu tsohuwar aba ce, wadda kan kai ga zare makami. Na'urar tana ajiye tarihin duk inda kare ya taka da lokacin da ya taka, abin da zai iya sauƙaƙa wa Sarkin Baka ko shugaban tawaga yanke hukunci.

Wannan ya nuna cewa mai sayen gaskiya ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce. Na'urar hannu guda a wurin shugaba, da abin wuya biyu ko uku a kan karnukan da suka fi yin nisa, kaya ne da tawaga za ta iya haɗa kuɗinsa. Ɗan kasuwa mai dogon numfashi na iya bayar da su haya na kwana ko na mako, kamar yadda ake hayar injin ban-ruwa, bisa lamunin shugabannin ƙungiyar.

Sai dai kafin a kai nan akwai batun doka, wanda bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Samfurin da ake sayarwa a Amurka yana aiki ne a zangon megahaz 151 zuwa 154, wanda hukumomin can suka keɓe wa jama'a ba tare da lasisi ba. Wannan izini bai tsallaka teku ba, shi ya sa kamfanin ke ƙera samfuri dabam-dabam ga ƙasashen Turai. A Nijeriya, Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, alhakin tantance kayan sadarwa kafin a sayar da su. Mai shigo da kaya ya fara neman bayani daga can kafin ya tura dalarsa. Haka kuma, a shiyyar Arewa maso Gabas, mutumin da aka tsayar a shingen bincike da na'ura mai eriya da taswira, ga makami a mota, zai sha tambayoyi. Rasit da takardar shaidar ƙungiya ba ƙawa ba ne a wurinsa.

Ita ma farautar kanta tana da iyaka. Gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauci, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, bai da nisa da iyakar Gombe, kuma haramun ne farauta a cikinsa. Can ne ma wannan fasaha ta riga ta nuna amfaninta a yankin, domin ƙungiyar kare namun daji ta WCS, tare da gwamnatin jihar, ta ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai GPS don ma'aikatan gandu su san inda garken yake, su kare shi daga masu neman haure, su kuma gargaɗi manoma idan ya doshi gonaki. Na'urorin karnuka na zamani suna ba da damar a zana iyaka a kan taswira, su yi ƙara idan kare ya tsallake ta. Mafaraucin da ke yawo kusa da gandu zai so hakan, duk da cewa tarihin da ke wanke shi a gaban hukuma shi ne kuma zai tona shi idan ya yi kutse.

Bisa ga dukkan alamu, babbar kasuwar ma ba a wuyan kare take ba. Saniya guda ta fi kare daraja a kasuwa sau da yawa, kuma satar shanu ta daɗe tana ci wa makiyaya tuwo a ƙwarya. Jihar Gombe na da makiyayar Wawa-Zange, gwamnatin tarayya kuma ta kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta musamman a 2024. Ɗan kasuwar da ya koyi haɗa na'urar da gyaranta ta hanyar mafarauta, ya sami ilmin da zai tallata wa masu garke.

Gyaran kuwa shi ne abin da zai riƙe ciniki. Eriyar abin wuya kan karye a cikin ƙaya, maɗaurin kan tsinke, batir kuma kwana ɗaya zuwa biyu yake yi kafin ya nemi caji, alhali tawaga na iya yin mako a daji. Don haka ƙaramin faifan sola da batir na ko-ta-kwana suna cikin kayan da za a sayar tare, kuma yaran da ke gyaran wayoyi a Jekadafari da babbar kasuwar Gombe ba za su sha wuyar koyon canza su ba. Lokaci ma abin lura ne. Farauta sana'ar rani ce, daga wajen Nuwamba zuwa faɗuwar ruwa a watan Mayu. Kayan da suka iso a Afrilu za su kwana a kanta har wata bakwai, cikin zafin da kan kai maki 40, wanda ke rage ƙarfin batir tun kafin a buɗe kwalinsa.